Kwalin Tsoho Desmond

Ranar da Desmond zai koma gidan tsofaffi
Ya bar mini kwalin faya-fayai a bakin ƙofa,
Da 'yar takarda: "Waɗannan su ne silima,
Sauran duk hayaniya ce."

Daren Asabar, Sheffield na ta yayyafi,
Na dawo daga asibiti ƙafa a kumbure,
Na jona na'ura, na haɗa shayi, na kira Nusaiba.
Ta sauko da waya a hannu, baki a zumɓure.

Fari da baƙi. Wani mai malafa
Ya share minti uku yana kunna taba.
"Mama, talabijin ɗin ce ta lalace,
Ko launin ma kuɗi ne ba mu biya ba?"

Na yi dariya, amma ni ma na ƙosa.
An ce gangaran ne, masana sun sa hannu,
To sa hannun masana zai hana ni hamma?
Matar ciki ba ta da aiki sai suma,
Baƙin mutum ɗaya tak, shi ma tire ya kawo,
Ya rusuna, ya fice, ko suna ba a ba shi ba.
Wannan ake wa kirari?
Ba kowace furfura ce ke ɗauke da hikima ba,
Na san tsohuwar zuma, na kuma san tsohon tsumma.

Sai can wajen ƙarshe:
Tashar jirgin ƙasa, mace tsaye, babu kiɗa,
Tana ninke safar hannu, tana warwarewa.
Jirgi ya ja, ba ta ɗaga hannu ba.
Shayi ya huce ban sani ba.
Haka Goggo ta tsaya a filin jirgin Kano
Tana ƙulla bakin mayafi, tana kwancewa,
Ganin da ban sake yi mata ba.
Wa ya tsegunta wa Baturen nan,
Wanda ya mutu tun ba a haife ni ba?

Na waiga. Waya na kife a cinyar Nusaiba.
"Zai dawo?" Na ce, "Kalla mana."
Bai dawo ba. Sunaye suka hau sama.
Ta ce, "Shirme kawai," ta ja hanci,
Ta miƙe wai za ta duba tukunya,
Alhali babu komai a kan wuta.

Ran Lahadi na kai wa Desmond lemo.
Ya ce, "Yaya?" Na ce, "Awa biyu cur,
Minti huɗu ne kawai na kirki."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Huɗu? Kin fi ni sa'a.
Shekara sittin ina komawa don guda biyu."

Kwalin na nan ƙarƙashin talabijin,
Talatin da ɗaya na bari a ciki.
Jiya na ƙirga, talatin.
Ban tambayi kowa ba.