Layin da Ya Ƙone a Gilashi

A Turku, cikin hunturun saba'in da bakwai,
rana kan leƙo kamar mai gudun bashi, ta koma.
Baba ya shigo da kwali a hammata,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa.
Bai ce ga abin da na sayo ba.
Veikko ba ya faɗin abin da ido zai gani.

Ya durƙusa bayan talabijin da sukundireba,
ya kwance wayar eriya, ya ɗaura wata.
Allo ya yi duhu, sai ga ɗigo fari
mai kusurwa huɗu, wai shi ne ƙwallo,
da sanda gabas, da sanda yamma,
da layi tsinke-tsinke a tsaka.
Wasa huɗu aka rubuta a jikin kwalin,
mu dai ɗaya muka gani yana sauya riga.

Yatsu uku suka rage wa Baba a dama,
maƙerar jiragen ruwa ta cinye biyu.
Da ukun yake murza maɓalli
sannu, kamar mai laluben tasha a rediyo.
Yayana Aulis kuwa fizga yake,
sandarsa ta zarce, ƙwallo ta bi ta ƙasa.

Wata biyar ba su yi magana ba,
tun da Aulis ya ce Suwidin za shi, can ake biya.
Amma ga su kan darduma, gwiwa na gogar gwiwa.
Ƙit, daga nan.
Ƙit, daga can.
Inna a ƙofar kicin da ludayi
ta ce mini da ido, kul kika tanka.
Sha biyar ake kaiwa a ci.
Da an kai sha huɗu sai Baba ya danna,
a koma sifiri.

Ranar tafiya bai raka shi ba.
Wataƙila shi ya yi waldar jirgin da ya ɗauke shi.

Sai ya koma wa wasan mutum ɗaya,
wanda bango ke mayar maka da abin da ka aika.
Wani dare ya juya na biyun,
ya riƙe maɓalli a kowane hannu,
barci ya sace shi, abin na kunne har asuba.
Haka kullum, har layin ya ƙone a gilashi.
Mai karanta labarai ya fito da tsaga a hanci,
taswirar yanayi ta rabe biyu.
Inna ta ce a sayo sabo.
Ya ce wannan bai mutu ba.

Jiya na tono kwalin a ɗakin ajiya.
Babu talabijin a gidana da zai karɓi wayarsa.
Maɓallin dama ya goge, ya yi santsi.
Na hagu kuwa da sauran kaushinsa.
Na buga wa Aulis waya,
na bar ta tana ƙara.