Littafin Awon Nomau Tela

Ni tela ne a bakin kasuwar Jega,
keken ɗinkina ya girmi 'ya'yana.
Ina da littafi mai baƙin bango,
duk ƙugun da na auna yana ciki,
ba ya gardama, ba ya mantawa.

Shafi na tara: Jelani ɗan Altine,
malamin lissafi a firamare.
Ƙugu talatin da biyu, kafaɗa sha bakwai.
Yadi huɗu ya kawo na shadda mai araha,
ya ce, "Ɗinka mini ta shiga hoton takara,
kuɗin sai wata ya yi."
Na rubuta bashi, ya fita yana murmusawa.

Zaɓen farko ya sha kaye.
Dubu shida da ɗari biyu, in ji rediyo,
abokin karawa dubu sha ɗaya.
Na rubuta adadin a gefen awonsa,
don ni a rumfarmu shi na dangwala wa,
tawada ta kwana uku a yatsa ta ƙi gogewa.

Shekara huɗu yana zaga ƙauyuka
kan babur mai tari kamar tsoho:
suna, ta'aziyya, rabon gado,
har rigimar manoman albasa da dillalai.
Na biyu ya ci da tazarar ɗari uku da sha ɗaya.
Aka je kotu, aka soke akwati bakwai,
tazarar ta rame, ta koma tamanin,
amma tamanin ma ta isa rantsarwa.

Ranar ya biya bashi, ya ɗora goro.
Ƙugu talatin da shida. Babbar riga, aska biyu.
A zauren Birnin Kebbi ya miƙe sau uku, mun ji:
kan gadar da ruwa ke ci duk damina,
kan albashin malamai da ke makara,
na ukun goyon bayan wani ne kawai.
Gadar an yi rabinta.
Rijiyar burtsatse biyar ya haƙa,
uku na ba da ruwa har gobe,
biyun awaki ke hawa suna hutawa.

Na uku dubu sha tara, ba wanda ya matso.
Ƙugu arba'in da biyu,
shi ma direba ya kawo a takarda.
Daga nan shafin ya yi shiru.
Aka ce telansa yanzu a Abuja yake,
aka ce ya sauya jam'iyya da tsakar dare.
In motar ta zo, gilashi a rufe,
mu ɗaga hannu, mu ga fuskokinmu a jiki suna wucewa.

Na huɗu ya ci fidda gwani a otal,
wakilai ɗari da arba'in, kowa da ambulan.
Ranar zaɓe mata suka yi layi tun asuba.
An ba su atamfa da taliya, sun karɓa,
suka shiga lungun dangwale da abin da ke ransu.
A rumfar makarantar da ya koyar,
ƙuri'a sha huɗu ya samu.
Malamin lissafi ne, ya san ba ta buƙatar sake ƙirgawa.

Jiya bayan la'asar sai ga shi da ƙafa,
riguna uku a leda, ya zauna kan benci.
"A rage mini su, Nomau, sun yi mini yawa."
Na zagaya tef: talatin da takwas.
Siga, in ji shi, da rashin barci.
Ya jawo littafin, ya bi shafinsa har ƙasa,
ya daɗe a kan sha huɗun nan.
"Kana cikinsu?"
Na ce, "Ɗaga hannu in auna."
Ya yi dariya, ya ɗaga.
Ya ce kar in yanke, in naɗe yadin a ciki,
ko a buƙaci buɗawa nan da shekara huɗu.
Na bar inci biyu, na rubuta bashi,
na taka keken, ya ci gaba da juyawa.