Kafin Jirgin Rodel Ya Iso

A tsibirin Samar, da ruwa ya ɗauke,
Dalisay ta buɗe tsohon littafinta.
Shekara shida tana rubuta jikinta a ciki:
yau bushe, yau danshi,
yau yauƙi kamar farin ƙwai tsakanin yatsu biyu,
ranar da gona ke karɓar iri.
Sau uku lissafi ya zame mata.
Ga su can suna bin ƙaguwa a bakin teku.

Yanzu allura ce, duk wata uku.
Shafuka sun yi shiru.
Ruwan da ke miƙewa kamar zare ya yi kauri,
ya zauna a bakin mahaifa,
mai gadin da ba ya gyangyaɗi.

"In na daina fa?"
Ungozoma Perpetua tana goge mata dantse da auduga.
"Haihuwa za ta dawo, amma tafiyar hawainiya,
wata tara, wataƙila shekara."

Sai ta rage murya:
"Mai gadin nan iri kawai ya sani.
Ciwo ba ya yi masa sallama.
Allura ba ta san tashar da mijinki ya kwana ba."

Wata goma Rodel yana kan teku.
Asabar zai sauka da tsaraba da warin gishiri.

Ta zuba kwaroron roba shida a gwangwanin kofi,
ta ɗora littafin a kai.
Tana fere kwakwa,
tana gwada maganar a bakinta,
tana neman gefen da ba shi da kaifi.