Mai ko Giris

Ɗakin makamai na can bayan ofis, a Arkilla,
taga ɗaya, da fanka mai tari.
Nan Sajan Jabbi ya shekara ashirin da huɗu
yana ƙirga ƙananan bindigogi
kamar mai kiwon awakin wani.

Ran da aka turo ni, abu biyu ya dire kan benci:
siririyar kwalbar mai,
da gwangwanin giris mai lanƙwasasshen murfi.
Ya ce, “Bube, zaɓi.”
Na ce mai, don yana da ƙafa,
yana shiga inda yatsa ba ya kaiwa.
Ya yi dariya har na ga goron da ke dasashinsa.

“Mai ɗan tasha ne.
Da safe yana nan, har da gaisuwa.
Bari ranar bazara ta take tsaka,
kwalta ta fara kama takalmi a Gawon Nama,
sai ya zurare, ya bi kube, ya ɓata maka wando,
ya bar ƙarfe na cin ƙarfe.”

Na ce to, giris.

“Giris kuwa baƙon da ya zo kwana uku ne
ya share damina.
Inda ka aje shi nan za ka ishe shi.
Sai dai duk yashin da iska ta kwaso daga gulbin Rima
shi ke ce masa bismilla, ga tabarma.”

Na yi shiru. Ladan ya kira azahar.

Sai ya ɗauki tsinken ashana,
ya lakato abin da bai kai ƙwayar gero ba,
ya bi hanyar da ƙarfe ke zamewa.
Inda ƙarfe ke juyawa, ɗigo ɗaya na mai.
Sauran ya bar wa tsumma.
“Rowa ce aikin nan, yaro.
Mai kyauta shi ke kashe bindiga.”

Na tambaye shi sau nawa ya taɓa kunama.
Ya daɗe yana goge hannu.
“Ina shafa musu don su yi barci lafiya.
Ban taɓa roƙon su farka ba.”

Bara ya aje aiki.
An ce yana Kwannawa, yana ɗiga wa keken ɗinkin Inno mai,
suna gardama kan yawansa.

Gwangwanin na nan.
Shatin babban yatsansa na tsakiya, bai rufe ba.
Ni daga gefe nake lakata.