Rumfar Shayi a Kochi

Ruwa ya tsare mu a rumfar Thankachan,
mu uku, ba mai laima.
Remya ta ce sabon fim ɗin masuntan nan
awa uku ne na kallon teku,
ita kuwa kullum tana ganin teku kyauta.

Shibu ya ƙi yarda:
"Inda uwar ta ƙirga kwale-kwale,
ɗaya bai dawo ba,
nan kaɗai ya biya kuɗin tikiti."

Na ɗan sandan fa? Tsaki biyu.
Bindiga ta fi jarumin iya magana.
Ni barci na sha, ban dai faɗa ba.

Thankachan, rabonsa da silima shekara tara,
ya tsiyayo shayi daga sama:
"Ku shiga wadda rufinta ba ya yoyo."