Romon Barma Kyari

Kakana Barma Kyari
ya dawo daga Indoshin da tabo a cinya,
da akwatin ƙarfe, da sunan wani romo: fo.
Ya ce ba faɗarsa ake ba, hura shi ake
kamar mai tada garwashi.

Ran Alhamis ni yake aike Kasuwar Dole:
ƙashin sa mai ɓargo, citta, albasa biyu.
Mahauci ya riga ya sani.
"Na tsohon soja ne?" Sai ya ƙara gyara.

Iya Gaji ta gasa cittar har ta yi baƙi,
ta ɗora tukunya tun la'asar,
ta kwana tana kwashe kumfa.
Shi kuwa yana kan buzu yana raba ƙasar gida biyu
da kan sandarsa.

Nan arewa, Hanoi. Sanyin asuba.
Wata tsohuwa, sanda a kafaɗa,
tukunya gaba, kwanoni baya.
Romonta garau, ka hangi gindin kwano.
Albasa, nama siriri kamar ganye,
shi ke nan, kada ka nemi ƙari.

Nan kudu, Saigon.
Su zaƙi suke so, da hayaniya.
A tara maka ganye kamar za a kiwata akuya,
tsiron wake, lemun tsami, barkono,
kowa ya gyara nasa.
Na arewa ya ce an ɓata,
na kudu ya ce an yi rowa,
kamar Birni da Zango kan wa ya iya dama fura.

Na ce, to wa ya fara?
Ya ce wasu sun ce tukunyar Bafaranshe ce,
wasu sun ce taliyar daga Sin ta gangaro.
"Ni dai hannun tsohuwar nan na gani,
kuma ban tambayi sunanta ba."

Babu taliyar shinkafa a Damagaram,
Iya ta murza ta alkama.
Babu ruwan kifinsu, ta jefa daddawa.
Ɗoɗɗoya daga bayan randa.

Ya kurɓa. Ya rufe ido.
"Ba shi ba ne."
Ya shanye, ya miƙo kwano.
Shekara talatin da ɗoriya, ba shi ba ne.

Yau buzun yana rataye, Iya ma ta bi shi.
Ni ke kwashe kumfa.
Ɗiyata ta kurɓa, ta ce,
"Wannan na ina ne, arewa ko kudu?"
Na ce na Birni ne,
bayan duwatsu, gida na uku.