Hannun Mai Ɗinkin Taru

Ranar Laraba ce, ruwa ya kwana yana zuba a Cambados.
Na fito da taru a kafaɗa, matakalar gaɓa ta yi santsi,
ƙafa ta tafi, hannu ya riga ni isa ƙasa.
Ƙas! Kamar an taka busasshen reshe.
Na duba: wuyan hannuna ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinke abin da teku ya yaga,
ban taɓa kawowa a raina cewa ni za a ɗinka ba.

A mota na tuna babana, Amaro,
da idon sawunsa ya karye a cikin jirgin kamun kifi.
Tun tsakar dare aka hana shi ko kurɓin ruwa,
sati shida yana kwance yana ƙirga tsagar rufi,
da ya tashi, ƙafar ta tsotse, ta manta hanyar gaɓa.
Bai sake komawa teku ba,
sai dai ya zauna bakin taga yana gaya wa jirage sunayensu.

Da wannan tsoron na shiga asibiti.

Sai ga Iria, nas, ba ta kai 'yar autata ba,
ta zauna, ta zana ƙashin a bayan takarda:
nan za a sa ƙarfe, nan kusoshi shida,
ƙarfe kaza ki ci, ƙarfe kaza ki tafi gida.
Na ce, "Gida? Yau?" Ta ce, "Wa zai ba kyanwarki abinci?"
Saura awa biyu ta miƙo kofi, ruwa garau mai zaƙi.
Na ce, "Ba a hana ba?"
Ta ce, "Sabela, aiki jikinki zai yi,
kin taɓa fita ɗinki da yunwa?"

Allura ɗaya a hammata, hannu ya zama baƙo.
Idona biyu, bargo mai ɗumi har wuya,
ina jin ƙarar na'ura a bayan labule
kamar wurin gyaran jirage da safiyar Litinin.
Ni kuwa ina lissafin bashin zare.

Kafin rana ta karkata an kawo romo da burodi.
"Ɗaga hannun sama da zuciya. Motsa yatsu."
Ba su ji ba. Na harare su. Ɗan ƙaramin ya amsa.

A gadon kusa akwai Breixo mai raba wasiƙu,
idon sawunsa ne ya tafi a kan tsani.
An tsayar da shi da sanduna biyu, gumi na zuba,
yana tsine wa tsanin, da wanda ya ƙera tsanin,
taku huɗu ya kai taga.
Ya juyo yana dariya, ni kuwa hawaye,
don ba shi nake gani ba.

Ba zan yi ƙarya ba: ƙarfe uku na dare
allurar ta sake ni, zafi ya zo kamar mai bin bashi.
Amma Iria ta riga ta ce,
"Sha magani da agogo, kada ki jira ya yi sallama."
Ya tarar an riga shi, ya yi 'yan zage-zage, ya koma.
Da safe waya ta yi ƙara, muryarta ce:
"Yatsun sun yi ɗumi? Wane launi ne farcen?"

Sannu a hankali, babban yatsa yana gaida ƙannensa ɗaya ɗaya.
Maɓalli. Cokali. Murfin kwalba ya kayar da ni sau uku.

Sati na bakwai na ɗauki allurar taru,
na ƙulla ƙulli guda, ya fito a karkace.
Ban kwance shi ba.
Yana can yanzu, ƙarƙashin ruwa, yana riƙe da kifi.